Daga kumburin wuya zuwa takardar ƙarshe: yadda aka gano irin limfomar da ke jikin yayana

Wanda likita ya gaya wa cewa ana zargin ɗan'uwansa yana da ciwon dajin kaluluwa, wato limfoma, yakan ɗauka gwaji ɗaya za a yi a ba shi amsa. Alhali kuwa sunan ciwon hawa-hawa ake gina shi, daga ɗan nama guda da aka yanko, kuma kowane hawa da jiransa da kuɗinsa da takardarsa. Na raka yayana ta wannan hanya tun daga farko har ranar da aka fara ba shi magani, shi ya sa na ga ya dace in jera abin da na gani, domin wanda zai biyo baya ya san inda ya dosa.

Abin ya fara ne da kumburi a gefen wuyansa na hagu, ba ciwo ba zafi, sai dai girma yake yi da sauri ta yadda cikin 'yan makonni wuyan rigarsa ya daina rufuwa. Ya shanye maganin kashe ƙwayoyin cuta da aka rubuta masa a wani ƙaramin asibiti, kumburin ko gezau. Daga baya zufar dare ta shigo, irin wadda ke jiƙe shimfiɗa har sai an canza, ga zazzaɓi mai zuwa ya tafi, ga rama. A babban asibitin da aka tura mu, likitan da ya fara ganinsa ya tambayi nauyinsa na watannin baya, ya lissafa, sannan ya bayyana mana cewa zazzaɓin da ya haura digiri 38 ba tare da sanannen dalili ba, da zufar dare mai jiƙa tufafi, da raguwar nauyi fiye da kashi 10 cikin 100 a wata shida, su ne alamomi ukun da ake yi wa alama da harafin B a fayil ɗin mai limfoma. Amma ya ja kunnenmu cewa tarin fuka ma yana zuwa da waɗannan alamomi sak, har da kumburin kaluluwa, don haka babu mai iya yanke hukunci da ido. Ya laluba hammata da matsematsi, ya danna ciki yana neman saifa da hanta, ya rubuta gwajin jini da hoton ƙirji. Kafin mu fita ya yi tambayar da a lokacin ban san nauyinta ba: ko Yaya ya sha firednisolon ko deksametason? Da muka ce a'a, sai ya ce to kada wanda ya ba shi, komai girman kumburin, sai in numfashi ne ya fara gagara, nan kuma asibiti za a garzayo. Dalili shi ne waɗannan magunguna suna kashe ƙwayoyin limfoma na ɗan lokaci, kumburin ya sace, mutane su yi murna, amma idan aka zo yanko nama sai a tarar da matattun ƙwayoyi da ba sa karantuwa.

Gwajin farko da aka yi wa kumburin na siririyar allura ne, wadda aka soka aka zuƙo ɗan abin da ke ciki aka shafa a gilashi. Bai ɗauki lokaci ba, sakamakonsa ma bai jima ba. Takardar ta ce an ga ƙwayoyin limfosait, wato wani nau'in ƙwayoyin jini farare da ke zaune a kaluluwa, manya da ba su yi kama da na lafiya ba, ana ba da shawarar a ciro naman gaba ɗaya. Yaya ya ɓata rai, ya ce mini, "To me amfanin allurar, tunda dai sai an yanka ni?" Na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, bari mu ji ta bakinsu." Bayanin da aka yi mana shi ne allura tana fito da ƙwayoyi ne a warwatse, ba ta nuna yadda suke zaune a cikin kaluluwar, kuma a limfoma tsarin zaman yana daga cikin abin da ake rarrabe iri da shi. Allurar na iya nuna ƙari daga wani wuri ya yaɗu, ko kuma tarin fuka ne, amma ba ta isa a ɗora maganin limfoma a kanta ba. A ganina duk wanda kumburinsa ke girma da sauri irin haka, yana da kyau ya tambayi likita tun farko ko za a iya wucewa kai tsaye zuwa ciro naman, don kowane gwaji yana cin kwanakinsa.

A sashen tiyata an ba mu rana, an karanta masa takardar amincewa ya sa hannu, aka yi masa allurar kashe wurin, aka ciro kaluluwa guda cur ba tare da an farfasa ta ba. An raba ta gida biyu, babban kaso a robar da ke da ruwan fomalin, ƙaramin kuma a wata roba da babu fomalin, saboda gwajin tarin fuka, tunda fomalin yana kashe ƙwayar cutar ta yadda ba za a iya renon ta a ɗakin gwaji ba. Ni aka miƙa wa robobin da fom ɗin da ke ɗauke da sunansa, lambar fayil, wurin da aka ciro naman da taƙaitaccen tarihin ciwon. A sashen binciken nama na biya, aka rubuta wata sabuwar lamba a jikin rasit. Wannan lambar ita ce sunan naman daga ranar, da ita ake neman sakamako, da ita ake neman komai, ba da sunan mara lafiya ba.

Jiran da ya biyo baya ya haura mako guda, kuma shi ne ya fi ci mana rai, domin kumburin bai tsaya jiran kowa ba. Wani ma'aikacin ɗakin gwajin ne ya rage mini zafin jiran da ya bayyana abin da ke faruwa a ciki. Naman sai ya kwana a fomalin ya daskare, sannan a yanyanka shi a zaɓi yankunan da za a duba, a bi da su ta ruwan sinadarai masu tsotse ruwan jikinsu, a zuba musu narkakken kaki su zama ɗan dunƙule mai tauri. Daga wannan dunƙulen ake feƙe yanka siriri ƙwarai, wanda kaurinsa bai wuce kashi 3 zuwa 5 cikin 1000 na milimita ba, a shimfiɗa a gilashi, a rina da rini biyu, hematoksilin mai mayar da cibiyar ƙwaya shuɗiya-shuɗiya, da iyosin mai mayar da sauran jikinta ruwan hoda. Sai an gama duk wannan likita ke zama gaban madubin ƙara girma.

Takardar da ta fito gajera ce. Ta ce tsarin kaluluwar ya shafe, manyan ƙwayoyi sun mamaye ta, abin ya yi daidai da limfoma mai saurin girma wadda ba ta Hojkin ba (limfoma gida biyu ce, ta Hojkin da wadda ba ta Hojkin ba), kuma ana buƙatar gwajin IHC, wato wani rini na musamman mai nuna asalin ƙwayoyin, domin tabbatarwa. Na roƙi a bar ni in ga likitar da ta sa hannu, aka ce in dawo da rana bayan ta gama duba gilasai. Ta karɓe ni ba tare da ƙosawa ba, ta ɗora gilashin Yaya a madubin da ke haɗe da allon kwamfuta, amma kafin nan ta nuna mini na lafiyayyar kaluluwa domin in sami abin kwatantawa. A lafiyayyar, akwai bango a kewaye, a ƙarƙashinsa dunƙule-dunƙule masu duhun baki da hasken tsakiya, tsakaninsu kuma hanyoyin da ruwa ke bi, kamar gari mai unguwanni da tituna. A ta Yaya babu unguwa babu titi, fili ne guda shimfiɗe da ƙwayoyi daga wannan gefe zuwa wancan, har sun keta bangon sun shiga kitsen da ke waje. Wannan shafewar tsari tana cikin sunan da aka ba ciwon daga baya.

Sai ta ƙara girman hoton. Ta nuna mini wata 'yar ƙwaya ƙarama, baƙa ƙirin, zagayayya, ta ce wannan lafiyayyen limfosait ne da ya rage, kuma shi ne ma'auni: ƙwayar da cibiyarta ta ninka tasa fiye da sau biyu, ko ta kai girman cibiyar makurofej, wato ƙwayar nan mai haɗiye shara, ita ake kira babba. Waɗanda suka kewaye shi kuwa duk sun wuce haka. Cibiyoyinsu ba su da duhun ƙaramin, fayau suke ana hango cikinsu, kuma a cikin mafi yawansu akwai ɗigo biyu ko uku masu duhu manne da bangon cibiyar ta ciki. Irin waɗannan ta kira santiroblas, kuma su aka fi samu a wannan ciwo. Ta zagaya ta nemo wata mai ɗigo guda babba zaune a tsakiyar cibiya, da jiki mai yalwa mai ruwan shuɗi, ta ce wannan imunoblas ce, kuma sai irinta sun haura kashi 90 cikin 100 ake kiran ƙarin da sunansu. Akwai iri na uku da ta ambata, mai ƙwayoyi manya-manya masu mummunar siffa da ke iya ruɗar mai dubawa, amma babu su a gilashin Yaya. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙwayoyin da aka kama suna tsakiyar rabuwa biyu: cibiyar ta ɓace, sai wani baƙin layi mai gashi-gashi a tsakiya, wata kuma layin ya riga ya rabu biyu suna janyewa da juna. Kusan duk inda ta tsayar da madubin akwai su, kusa da su kuma ɓurɓushin ƙwayoyin da suka mutu. Ta ce haihuwa da yawa da mutuwa da yawa a wuri guda, wannan ne hoton ƙari mai gaggawa, kuma shi ne abin da muke gani daga waje a matsayin wuyan riga da ya ƙi rufuwa.

Na ce, "Ranki ya daɗe, tunda kin gan shi ƙarara haka, me ya rage?" Ta amsa cewa limfosait akwai nau'in B akwai nau'in T, kuma manyan ƙwayoyi a shimfiɗe ba limfomar B kaɗai ke ba da su ba. Limfomar ƙwayoyin T na iya yin haka, dajin da ya taso daga hanci ko huhu ya sauka a kaluluwa na iya yin haka, dajin fata na melanoma ma haka, kuma maganinsu ya sha bamban. Rinin farko yana nuna siffa ne, bai faɗin asali.

Nan ne kuɗi ya sake shigowa, kuma nan mutane da yawa ke tuntuɓe. Abin da aka biya ranar kai nama na yanka da rinin farko ne kawai. IHC lissafinsa daban, kuma sau da yawa kowace alama da kuɗinta, domin kowace ɗaya sabon yanka ce daga dunƙulen kakin, a kan sabon gilashi, da sinadarin da ke manne wa furotin guda tak ya bar launin ƙasa-ƙasa a inda ya same shi. Ba kowane ɗakin gwaji ke yin sa ba, namu ma sai da aka tura dunƙulen wani wuri, muka sake shiga jira. An yi shi zubi biyu. Zubin farko ya amsa tambayar asali: CD45 ya kama, alamar ƙwayoyin jini ne farare, saitokeratin bai kama ba, wanda ya kore dajin da ya taso daga wata gaɓa, CD3 na ƙwayoyin T ya kama 'yan ƙanana ne kawai jefi-jefi, CD20 kuwa ya zagaye kusan kowace babbar ƙwaya da zobe ruwan ƙasa. Da wannan aka tabbatar limfomar manyan ƙwayoyin B ce mai shafe tsari, wadda ake taƙaitawa DLBCL, ita ce kuma aka fi samu a cikin limfomomin da ba na Hojkin ba, kusan kashi 30 cikin 100 a manya.

Zubi na biyu ya fi wuyar karantawa. Tun a shekarar 2000 binciken ƙwayoyin gado ya nuna cewa wannan ciwo gida biyu ne a ɓoye, wanda ya yi kama da ƙwayoyin tsakiyar dunƙulen nan mai haske, ana rubuta shi GCB, da wanda ya yi kama da ƙwayoyin B da suka riga suka farka, ana rubuta shi ABC, kuma na farkon ya fi jin magani a jimlace. Da yake wancan bincike ba ko'ina ake yin sa ba, a 2004 aka fito da tsarin Hans mai amfani da alamomi uku, CD10 da BCL6 da MUM1, kowace ana ƙirga ta kama idan ta rina kashi 30 cikin 100 na ƙwayoyin. Idan CD10 ya kama, magana ta ƙare, GCB ne. Idan bai kama ba a dubi BCL6, shi ma in bai kama ba to ba GCB ba ne, in kuwa ya kama sai MUM1 ya raba gardama. Na Yaya CD10 ya kama. An duba saikilin D1 domin kore limfomar mantil, wadda wani lokaci kan yi shigar manyan ƙwayoyi, aka duba EBER domin neman ƙwayar cutar Epstein-Barr, dukansu ba su kama ba. Ki-67, mai nuna yawan ƙwayoyin da ke shirin rabuwa, ya kai wajen kashi 80. Likitar ta ce da ya kusa 100, da sai ta sake zama ta tabbatar ba limfomar Burkitt ba ce, wadda likitan tiyata Denis Burkitt ya bayyana a 1958 daga yaran da ya gani a Yuganda. Ita limfomar Burkitt ƙwayoyinta matsakaita ne masu kama da juna, da makurofej masu haske warwatse a cikinsu har likitoci ke kiran hoton sama mai taurari, BCL2 galibi ba ya kamawa, kuma maganinta ya fi tsanani.

Layi biyu na ƙarshe a takardar su ne suka hana ni barci: BCL2 ya kama, MYC ma ya kama a wajen rabin ƙwayoyin. Duk wanda ya shiga intanet da waɗannan sunaye biyu zai ci karo da bayanai masu tayar da hankali, kuma yawancinsu suna haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Na farko shi ne furotin ɗin biyu su yi yawa a jikin ƙwaya, MYC a kashi 40 ko fiye, BCL2 a kashi 50 ko fiye, abin da rini ke nunawa ke nan. Na biyu shi ne ƙwayoyin gadon da kansu su karye su koma wani wuri, MYC daga kuromosom na 8, BCL2 daga na 18, wanda rini ba ya gani, sai gwajin FISH. Na biyun shi ne mafi haɗari, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta ware masa rukuni na kansa a rabe-rabenta na 2016, kuma likitoci da dama kan ba shi magani mai ƙarfi fiye da na yau da kullum. Da yake mafi yawan masu karaya biyun daga gidan GCB suke fitowa, likitan jini ya ce a yi FISH ɗin. Shi ne mafi tsada a duk gwaje-gwajen naman, shi ne kuma mafi jinkiri. Sakamakon ya zo a matsayin ƙari a ƙasan tsohuwar takardar, ɗauke da lambar nan ta farko: MYC bai karye ba.

Ba a zauna jiran FISH hannu rabbana ba, domin tun fitowar CD20 aka tura mu asibitin masu ciwon jini, inda aka shiga auna yaɗuwar ciwon. An yi hoton sikan daga wuya zuwa ƙugu, aka ɗebi ɓargo daga ƙashin ƙugu ta baya, wanda Yaya ya ce ya fi yankan wuyan zafi. An sami kumburarrun kaluluwa sama da ƙasan tantanin da ya raba ƙirji da ciki, wato mataki na 3 a tsarin Ann Arbor na 1971, ɓargon kuma lafiya lau. Likitan ya haɗa matakin da shekaru, ko sun haura 60, da yawan wani sinadari mai suna LDH a jini, da ƙarfin jikin mara lafiya, da yawan gaɓoɓin da ciwon ya taɓa a wajen kaluluwa, ya fitar da makin IPI, wanda ke hasashen tsananin ciwon. An gwada ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C, saboda rituksimab, ɗaya daga cikin magungunan da za a ba shi, na iya tayar da ciwon hanta B da ke kwance, aka yi hoton zuciya saboda doksorubisin, wani daga cikin magungunan, na iya raunana ta, aka fara ba shi alofurinol da ruwa mai yawa don kare ƙoda daga dattin ƙwayoyin da za su mutu a tare. Maganin shi ne haɗin magunguna da ake kira R-CHOP, zagaye 6, kowane bayan kwana 21, kuma harafin R ɗin, rituksimab, yana aiki ne ta hanyar kama CD20 ɗin nan da muka gani zobe-zobe a gilashi. Likitan ya ce wajen kashi 60 cikin 100 na masu wannan ciwo suna warkewa da shi, domin saurin rabuwar da ke sa ƙarin ya firgita mutane shi ne kuma ke sa ya ji magani.

Wanda zai bi wannan hanya ya tambaya tun ranar kai nama ko ana yin IHC a wurin, in ba a yi ina ake turawa, wa ke kaiwa, kuma a rubuta masa jerin alamomin da kuɗin kowace, domin ya tanadi na zubi biyu, ba ɗaya ba. Idan aljihu ya gaza, likitan binciken naman ne ya kamata ya faɗi waɗanda ba a iya tsallakewa, ba mai karɓar kuɗi ba. Ya kuma duba kowace takarda ko an rubuta ta wucin gadi ce ko ta ƙarshe, don na ga waɗanda suka tafi da ta farko suna zaton sun gama, ƙarin bayanin yana nan a ajiye babu wanda ya zo karɓa. Gwajin matakin ciwo da na hanta da zuciya kuwa ba sai an jira takardar ƙarshe ba, ana iya gudanar da su lokaci guda, kuma a ciwo mai gaggawa irin wannan makon da aka tsira da shi ba ƙaramin abu ba ne.

Sai kuma dunƙulen kakin. Duk gwajin da na lissafa, daga rinin farko har FISH, daga jikinsa aka feƙe, kuma kowane yanka yana rage shi, shi ya sa kaluluwa cikakkiya ta fi ɗan tsinken nama amfani. Ɗakunan gwaji suna ajiye shi shekaru, kuma mara lafiya na iya neman a ba shi aronsa tare da gilasan idan zai koma wani asibiti ko yana son wani likita ya sake dubawa, ta hanyar rubuta buƙata da lambar naman da sa hannu. Idan an ba ka, ka duba lambar da ke jikinsa ta yi daidai da ta rasit, ka sa gilasan a akwatinsu don kada su fashe, kuma kada ka bar dunƙulen a rana ko a rufaffiyar mota, domin kakin yana narkewa ne a wajen digiri 56 zuwa 60, yana kuma fara laushi tun kafin ya kai haka.